CRP 48 a jariri mai ciwon zuciya: mu tsorata ko mu jira?

Kawun Jariri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana su taimaka mana. Ƙanwata ta haihu yau kwana tara, namiji, haihuwar fari. Lafiya lau aka sallamo su, yana kama nono sosai. Ranar kwana huɗu sai ya fara nishi, ya tsotsa sau biyu sau uku ya saki, ga gumi a goshi. Aka kai shi wani asibiti suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa, aka yi ta allura kwana uku ba sauƙi. Ko sunan ma a asibiti aka raɗa masa. Shekaranjiya aka tura mu babban asibiti, aka yi masa eko, wato hoton zuciya, aka ce babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce ta matse a wani wuri, sai an yi aiki. An saka masa wani magani da ke shiga ta inji ba dare ba rana.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne takardar gwajin jini. An rubuta CRP 48, sai wasu iri biyu na fararen ƙwayoyin jini, nutrofil 63%, limfosait 21%. Mijin ƙanwar tawa ya shiga intanet ya ga wai idan aka raba nutrofil da limfosait, in lambar ta yi yawa yaro ba ya tashi bayan aikin zuciya. Ya raba ya samu 3. Tun jiya bai saka komai a bakinsa ba. Gaskiya ne wannan magana?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ubangiji Allah ya tashi kafaɗunsa. Kawu ka ce wa baban ya ajiye wayar nan ya ci abinci. Na bi ta hanyar nan, zan yi bayani in na sauke girki.

Sista Mai Aikin Dare: Allah ya ba shi lafiya. Kafin maganar lamba, yana fitsari? Nafkin nawa yake jiƙawa a yini? Ƙafafunsa da ɗumi ko da sanyi?

Kawun Jariri: Sista, sun ce fitsarin kaɗan ne amma ya fi na shekaranjiya. Har auna nafkin ɗin suke a sikeli. Ƙafar kuma da muka zo sanyi ƙalau, yanzu ta ɗan yi ɗumi.

Likitar Yara: Wa alaikumus salam Kawu. Ba ni nake duba yaron ba, don haka maganar waɗanda ke kansa ita ce gaba da tawa. Amma zan iya warware maka abin da takardar ke faɗa.

CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa idan jiki ya ji rauni a ko'ina. Ƙwayar cuta na sa shi ya hau, yanka na sa shi ya hau, haka nan idan wata gaɓa ta rasa isasshen jini. Ba ya gaya maka wanne ne daga ciki. Ruwa dai ba ya tsami banza, iyakar abin da yake cewa ke nan. Galibi muna ɗaukar ƙasa da 10 a matsayin daidai, to 48 ya hau, ba musu.

Yanzu dubi yaronku. Duk jariri a ciki yana da wata 'yar jijiya da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki. Bayan haihuwa takan rufe da kanta cikin 'yan kwanakin farko. A yaron da babbar jijiyarsa ta matse, wannan 'yar hanyar ce ke kai jini ƙasan jiki. Shi ya sa kuka ga lafiyarsa lau kwana uku, ranar da ta fara rufewa sai ƙoda da hanji da ƙafafu suka shiga yunwar jini, zuciya kuma tana ta turawa a kan ƙofa rufaffiya. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga alamomin kumburi a jini ko babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Maganin da ke shiga ta inji, furostagilandin, aikinsa ya sake buɗe hanyar. Ƙafar da ka ce ta yi ɗumi da fitsarin da ya ƙaru sun fi min 48 ɗin nan muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ɗan Lab: Kawu, duba min takardar da kyau. 48 ɗin me aka rubuta a gabansa, mg/L ko mg/dL? Kuma da hannu aka rubuta ko inji ne ya buga?

Kawun Jariri: mg/L ne, da biro aka rubuta.

Ɗan Lab: To na gane. Mai yiwuwa gwajin lateks ne, wanda muke ɗiga jini a kan kati muna sirkawa ninki-ninki. Shi sakamakonsa tsalle yake: 6, 12, 24, 48, 96. Idan na rubuta 48, ma'anarsa ya kai 48 bai kai 96 ba. Zai iya zama 50, zai iya zama 90. Na tambayi awon ne saboda na sha ganin an rikice, wani lab ya rubuta 4.8 mg/dL wani ya rubuta 48 mg/L, iyaye su zata ciwo ya ninka sau goma alhali abu ɗaya ne. In za a maimaita, a maimaita a wuri ɗaya da hanya ɗaya. In da hali a yi na inji mai ba da lamba tsaf.

Ɗalibin Likita: Ranki ya daɗe Likita, a gafarce ni, amma ina ganin baban yaron bai yi kuskure gaba ɗaya ba. NLR, wato rabon nutrofil da limfosait, an yi rubuce-rubuce da yawa a kansa a yaran da aka yi wa aikin zuciya. An ga waɗanda nasu ya yi sama sun fi daɗewa a kan injin numfashi, sun fi daɗewa a ɗakin kulawa ta musamman, wasu zuciyar ta fi yin rauni bayan aiki. Kuma hikimar a fili take: jiki in ya shiga matsi nutrofil na hawa, limfosait na sauka, to rabon yana kama duka biyun lokaci guda. Akwai ma wanda ake haɗawa da filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, a ninka filatilet da nutrofil a raba da limfosait. Mu da ba mu da kuɗin manyan gwaje-gwaje, ga abu kyauta a cikin gwajin jinin da ake yi wa kowa. Da babu ai gara ba daɗi.

Likitar Yara: Ƙanena, karatunka daidai ne, rubuce-rubucen suna nan. Sai dai ka lura da irinsu. Yawancinsu asibiti ɗaya ne ya koma cikin tsofaffin fayil ya ƙirga, kowanne kuma ya fito da tasa iyakar. Babu lamba ɗaya da aka yi ittifaƙi a kanta a jarirai. Sannan abin da suke nunawa na taro ne: a cikin yara ɗari masu NLR sama, waɗanda suka sha wahala sun fi yawa. Wannan bai gaya maka makomar yaron da ke gado na uku ba. Da yawa masu lamba sama sun tashi garau, wasu masu lamba mai kyau sun sha wuya.

Na biyu, jariri ba ƙaramin babba ba ne. Ranar haihuwa nutrofil ne suka fi yawa a jininsa, wajen kwana huɗu zuwa shida su yi kunnen doki da limfosait, daga nan limfosait su wuce gaba har yaro ya kai shekara huɗu zuwa shida. To NLR 3 a kwana ɗaya ba komai ba ne, a kwana tara kuma ya ɗan hau. Lamba ɗaya, fassara biyu, saboda kwanaki kawai.

Na uku, wanda ya fi shafar Kawu. Mafi yawan binciken nan a kan yaran da aka ɗora a injin zuciya da huhu ne, wanda ke karɓar aikin gaɓoɓin biyu lokacin tiyata. Matsewar babbar jijiya kuwa, in ita kaɗai ce, sau da yawa ta gefen hagu na ƙirji ake shiga a gyara ba tare da injin ba. Ka ga an ɗauko ma'aunin wani aiki an aza wa wani.

Ɗan Lab: Bari in ƙara wa ɗalibinmu wani abu daga ɓangarenmu. Jariri sabon haihuwa, musamman wanda ya yi ƙarancin iska, yana da jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba, masu cibiya a ciki. Ƙananan injunan da yawancin lab ɗinmu ke da su, masu raba fararen ƙwayoyi kashi uku, sukan ƙirga waɗannan a cikin limfosait. Sai limfosait ya kumbura a takarda, NLR ya faɗi, ka ce yaro lafiya. Sai an shafa jinin a gilashi an duba da ido ake ganewa. Filatilet ma haka, in jinin ya ɗan daskare a kwalba wajen matsa diddige, inji zai ba ka lamba ƙasa ta ƙarya. Kyauta ne, na yarda, amma abin kyauta ma sai an san inda ya fito.

Ɗalibin Likita: Na karɓi gyara a kan injin. Amma har yanzu ina ganin zubar da shi gaba ɗaya asara ce. Ko CRP ɗin ai ba shi da tabbas, kuma kullum muna aika shi.

Likitar Yara: Ban ce a zubar ba. Ni ma ina kallonsa, yau nawa, jibi nawa. Abin da na ƙi shi ne a ba uba lamba ɗaya a ce ga hukuncin ɗanka. Kuma ka tuna akwai yaran da ciwon zuciyarsu ke tafe da matsalar ƙwayar gado ta kiromosom na 22, waɗanda taimos ɗinsu, wata 'yar gaɓa a ƙirji da ke renon limfosait, ƙarami ne ko babu, limfosait ɗinsu ƙasa yake tun asali. A wajen aiki ma likitan tiyata yakan cire taimos don ya samu hanya, a kuma ba yaro sitiroyid, maganin rage kumburi, wanda shi da kansa yana ɗaga nutrofil ya sauke limfosait. Duk waɗannan suna cikin lambar da kake rabawa.

Maman Ilham: Na dawo. Kawu, 'yata tana da kwana goma sha ɗaya aka yi mata aiki a Indiya, manyan jijiyoyinta biyu ne suka fito a juye, aka mayar da kowace wurinta. Ita kam an ɗora ta a injin. Kwana biyu bayan aiki na leƙa fayil na ga CRP ya haura ɗari, an ja masa layi ja. Wallahi ƙafata ta kasa ɗaukata, a dandamalin koridon na zauna. Wata nas ta zo ta kama hannuna ta kai ni bakin gadon, ta nuna min robar fitsari tana cika, ta ɗora yatsana a tafin ƙafar yarinyar, ɗumi. Ta ce gobe ki dawo ki sake duba lambar. Washegari ta tsaya, jibi ta fara sauka, kafin mako ta dawo ƙasa sosai. Yanzu Ilham tana aji biyu, ita ce mai tsokanar gidan.

Amma Likita, a nan zan ɗan saɓa miki. Ni lambar nan ta taimake ni. Da na fahimci yadda take tafiya, ita ce abin da nake riƙewa kullum da safe. Abin da ke kashe iyaye a asibitocinmu shi ne ba a yi musu bayani. Ka tambaya a ce maka "ana kan bincike". Dole uba ya shiga intanet ya raba lamba da kansa.

Likitar Yara: Hajiya, ba saɓani tsakaninmu, gaskiya kika faɗa kuma laifin namu ne. Minti biyar na bayani da ya hana bawan Allah nan kwana da yunwa.

Abin da kika gani shi ne tafiyar CRP ta asali. Yana fara hawa awa shida zuwa takwas bayan rauni, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, wani lokaci uku bayan babban aiki. In abin da ya tayar da shi ya kau, kusan kowace awa 19 yana raguwa da rabi. Don haka CRP sama a kwana na biyu bayan aiki abin da muke tsammani ne. Wanda ke hana mu barci shi ne wanda ya ƙi sauka a kwana na huɗu na biyar, ko ya sauka ya sake hawa, musamman in filatilet na faɗuwa tare da shi.

Dalilin da injin zuciya da huhu ke tayar da kumburi haka kuwa, jinin jariri mai kilo uku gaba ɗayansa kusan mililita 250 ne, rabin ledar fiya wata. A fitar da wannan ɗan jinin ya bi ta robobi da matattara, a gauraya shi da ruwa da jinin wani da aka cika injin da su, waɗanda kan kai yawan nasa ko su fi. Jiki yana ɗaukar robar a matsayin baƙo ya tayar da yaƙi, ƙananan jijiyoyi su riƙa yoyo, yaro ya kumbura. Shi ya sa daren farko ne mafi haɗari, zuciya takan yi sanyi tsakanin awa shida zuwa sha takwas bayan aiki. Tun 1953 da John Gibbon ya fara yin nasarar amfani da injin a Amurka ake fama da wannan.

Ɗalibin Likita: Shi ya sa ake ba da sitiroyid kafin aiki ai.

Likitar Yara: Ana bayarwa a wurare da yawa. Amma ka nemi babban gwajin da aka wallafa a 2022, jarirai 1200 'yan ƙasa da shekara ɗaya a asibitocin Amurka, rabi aka ba su sitiroyid rabi ba a ba su ba. A babban abin da aka sa gaba a auna ba a samu bambanci mai ƙarfi ba, kuma waɗanda aka ba sun fi buƙatar insulin saboda sukari ya hau. Sitiroyid yana sauke alamomin kumburi a jini, wannan sananne ne. Sauke lambar dai bai zama daidai da tashin yaro ba.

Baban Amira: Ni ban so yin magana ba, amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Shekara uku ke nan. Ɗana na biyu, kwana biyu da haihuwa leɓensa ya yi duhu. Muka kai shi wani asibiti, aka ɗebi jini, aka ce CRP lafiya lau, fararen ƙwayoyi lafiya lau, sanyi ne ya kama shi, a rufe shi da kyau. Na ji daɗi har na kira gida na ce gwaji ya yi kyau. Babu wanda ya maƙala masa ɗan abin auna iskar nan. Kwana biyu muka koma yana numfashi sama-sama, a can ne wani likita ya auna ya ga iskar ta yi ƙasa ƙwarai, aka saka oksijin ba ta motsa ba, ya ce wannan zuciya ce. Kafin a samu mai yin eko Allah ya karɓi abinsa. Har yau takardar gwajin tana cikin jakata, komai a cikinta daidai.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri.

Kawun Jariri: Allah ya jiƙansa Malam, ya sa ya cece ku.

Sista Mai Aikin Dare: Allah ya ba da haƙuri Baban Amira. Abin nan yana ci min rai. A ɗakin jarirai duk yaron da ya zo da nishi da ƙin nono, kai tsaye sunansa sefsis, wato ƙwayar cuta a jini, kuma gaskiya yawancinsu ita ce, dole a fara antibayotik ba a jira ba. Matsalar ita ce daga nan sai tunani ya tsaya. CRP ya hau, a ce ga shi nan. Ya ƙi sauka, a canja allura zuwa mai tsada. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali abu biyu ne da ba sa cin ko sisi: a taɓa bugun jijiyar matsematsi, a kuma auna iska a hannun dama da ƙafa ɗaya bayan yaro ya yi awa 24. In ƙasa da 90 ne, matsala ce nan take. In 95 ne ko sama, kuma tazarar hannu da ƙafa ba ta wuce 3 ba, to ya wuce. Tsakanin nan a sake aunawa. Amurka tun 2011 suka saka shi cikin gwajin da ake so a yi wa kowane jariri.

Likitar Yara: Sista ta gama magana. Sai dai in ƙara cewa irin ciwon yaron Kawu shi ne wanda awon iska ya fi kuskurewa, iskar na iya fitowa daidai. Yatsa a matsematsi ne ke kama shi. Kuma kusan jariri ɗaya cikin ɗari ana haifarsa da wata matsala a zuciya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu mai tsanani ce da ke buƙatar aiki a shekarar farko. Ku ƙirga haihuwar da ake yi a babban asibiti ɗaya a Kano ko Maraɗi a wata, za ku ga ba baƙon abu ba ne, ganewa ce ba ma yi.

Alhaji Na Bakin Kasuwa: Ni tambayata, iyayen yaron 'yan uwa ne? Don na ji an ce auren zumunci ne ke kawo wannan. Da can ba mu san ciwon zuciyar jarirai ba.

Kawun Jariri: Alhaji ɗan wa da 'yar ƙani ne. Don Allah kada maganar nan ta je kunnen ƙanwata, tun jiya take cewa ko wani abu ta ci.

Likitar Yara: Alhaji, auren zumunci yana ƙara haɗarin kaɗan, haka ciwon sukarin uwa da ba a kula da shi ba, da cutar rubela, mai kama da ƙyanda, a farkon ciki. Amma mafi yawan yaran ba a gano dalili ko ɗaya, kuma ana haifarsu a ƙasashen da ba a auren dangi sam. Da can ma akwai su, sai dai a ce yaro ya koma kafin suna. Kawu ka gaya mata ba abin da ta ci ba ne, zuciya tana gama ƙiruwa tun cikin makonni takwas na farko, lokacin wata ma ba ta tabbatar tana da ciki ba.

Admin: Jama'a mu tsaya kan tambayar Kawu. Maganar auren zumunci a buɗe mata zare daban.

Ɗalibin Likita: To ranki ya daɗe, tunda CRP ba ya rarrabewa, ba sai a yi PCT, wato gwajin furokalsitonin, ba? Shi ai ya fi karkata ga bakteriya.

Ɗan Lab: Ka tambayi kuɗinsa tukuna. Kuɗin furokalsitonin ɗaya zai yi maka CRP fiye da sau ɗaya, kuma ba ko'ina ake yi ba.

Likitar Yara: Yana da amfani, yana hawa da wuri, cikin awa biyu zuwa huɗu, ya kuma sauka da wuri fiye da CRP, shi ya sa bayan aiki in ya ƙi sauka bayan kwana biyu ko ya sake tashi muke zargin cuta ta shiga. Amma shi ma yana da nasa. Lafiyayyen jariri PCT ɗinsa na hawa da kansa a kwana biyun farko na rayuwa. Kuma yaron da jini ya yanke wa hanjinsa da hantarsa, kamar na Kawu, zai iya hawa babu bakteriya. In kuɗin gwaji ɗaya ne a hannuna a kan yaron nan, kalcar jini zan yi, wato renon jinin a lab a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, sai gwajin aikin ƙoda, sai laktet, wanda ke nuna ko gaɓoɓi na samun jini. Laktet da ke hawa ya fi ba ni tsoro a kan kowace lambar kumburi.

Wuri ɗaya da zan so a sa ido a kan CRP ɗinsa sosai shi ne hanji. Hanjin da ya yi kwanaki cikin yunwar jini bangonsa na yin rauni, in bango ya tsage kuwa ƙadangare ya samu wurin shiga. In cikinsa ya fara kumbura, ko amai kore, ko jini a kashi, tare da CRP na hawa filatilet na sauka, wannan labari ne daban. Shi ya sa za ku ga suna taka-tsantsan da ba shi nono. Kawu kada kowa ya ɗura masa komai a ɓoye, ko zamzam ne, ko rubutu, sai an tambayi masu duba shi.

Kawun Jariri: Likita kamar kin sani, kakarsa ta zo da gora. Na karɓe na ce a shafa masa a kai kawai.

Maman Ilham: Haka muka yi mu ma. Kuma ƙanwarka ta ci gaba da tatsar nono ana ajiyewa, kada ya ɗauke. Zai buƙace shi bayan aiki.

Kawun Jariri: Salam jama'a, ga yadda ake ciki bayan kwana biyu. An maimaita a wuri ɗaya kamar yadda Ɗan Lab ya ce, CRP ya dawo 12. Kalca ba ta fitar da komai ba zuwa yanzu. Baban ya sake rabawa ya samu ƙasa da 2, yau har tuwo ya ci. Sai dai wata sabuwa ta taso. Manya a gida sun ce tunda jini ya gyaru a dakata da maganar aikin, a bari ya yi ƙwari, kuɗin ma ba su gama haɗuwa ba. Su kuma likitocin sun ce a shirya tafiya inda za a yi aikin cikin makon nan.

Likitar Yara: Alhamdulillah da saukar. Amma Kawu, ka zauna da manyan nan yau ba gobe ba. Lambar ta sauka ne saboda maganin ya buɗe hanya jini yana isa ƙasa. Matsewar tana nan inda take, ba ta san an yi gwaji ba. Ranar da aka cire injin maganin nan hanyar za ta sake rufewa, ya koma yadda kuka kawo shi ko fiye. Saukar da kuka gani ita ce damar da ake jira a yi aikin yana da ƙarfi, ƙoda ta farfaɗo. In da hali ka roƙi likitan da ke kansa ya yi musu bayani da bakinsa, sun fi jin ta farin kaya a kan taka.

Ɗalibin Likita: Ranki ya daɗe, amma kin ga NLR ɗin ma ya bi sawu, daga 3 zuwa ƙasa da 2.

Likitar Yara: Na gani. Ya kuma ƙara kwana biyu a duniya, limfosait ɗinsa na ƙaruwa da kansu. Ka raba min wanne ne wanne.

Ɗan Lab: Kuma ba wanda ya duba gilashi.

Kawun Jariri: Na yi magana da babban wanmu, ya ce zai zo asibitin da yamma a yi bayanin a gabansa. Sista, in tafiyar ta tabbata ta mota ce, awa biyar zuwa shida. Me ya kamata mu tabbatar akwai?

Sista Mai Aikin Dare: Kada ku yarda a ɗauke shi a motar gida, sai motar asibiti da nas ko likitan da ya saba da jarirai. Maganin nan ba ya daɗewa a jini, in ya tsaya ko na ɗan lokaci ne aikinsa na gushewa, don haka injin turawar ya kasance da cikakken caji, a kuma haɗa sirinji na biyu tun kafin a tashi. A saka masa layin jijiya biyu, in ɗaya ya toshe a hanya a koma ɗayan, don neman jijiyar jariri a mota tana tafiya ba wasa ba ne. Maganin yana sa wasu yaran su ɗauke numfashi, to jakar bugun numfashi ta jarirai ta kasance a hannun nas ɗin, ba a cikin akwati ba. Yana kuma kawo zazzaɓi, ku gaya wa waɗanda za su karɓe ku tun yaushe yake kansa. Ku ɗauki hoton duk takardun gwajin da kwanan watansu, har na asibitin farko, da rahoton eko. Ka kira can ka tabbatar akwai gado kafin a tayar da mota, kuma ku fita da asuba.